Wane kamfani ake ɗauke wa nauyin zuba kuɗin fansho?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna ji na? To madalla.

Kuɗin da mai kamfani ke zubawa a asusun fanshon ma'aikaci ba kyauta ba ce. Albashi ne, sai dai an jinkirta biyansa zuwa ranar da ƙarfi ya ƙare. Saboda haka duk sanda kuka ji an ce doka ta ɗauke wa wani kamfani wannan nauyi, ku tambaya: haƙƙin ma'aikaci ya ragu ko yana nan?

Akwai ɗaukewar da ake yi saboda ƙanƙantar kamfani. A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta wajabta tsarin a kan kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama: mai kamfani ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. A Indiya, dokar asusun ajiyar ma'aikata ta 1952 ta hau kan wurin aikin da ke da mutum 20 zuwa sama. Hujjar ita ce ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗaukar ɗawainiyar ba. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma tsufa bai san yawan ma'aikatan wurin aikinka ba. Kuma da zarar an ja layi, sai a sami masu wayo su tsaya a ƙasansa: a raba kamfani gida biyu, ko a ce rabin ma'aikatan 'yan wucin gadi ne.

Wasu ƙasashen sun rufe wannan ƙofa. A Birtaniya, tsarin da aka fara a 2012 ya kai ga ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki, in ya cika sharuɗɗan shekaru da albashi, dole ka sa shi a fansho. Ostireliya kuwa a da ba dole ba ne a zuba wa wanda albashinsa bai kai dalar ƙasar 450 a wata ba, sai a Yulin 2022 aka soke wannan iyaka.

Nau'i na biyu shi na fi so mu natsu a kansa, don nan ne rigima take. Kamfani ya ce: ina da asusuna na kaina, ku bar ni da shi. Sashe na 17 na dokar Indiya ya yarda da haka, da sharaɗin abin da ma'aikaci zai samu bai gaza na asusun gwamnati ba, a kuma kafa kwamitin amintattu da zai riƙe kuɗin. A Afirka ta Kudu akwai majalisun da masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ke zama su tsayar da albashin sana'a guda, sau da yawa har da asusun ritayarta. Dokar ƙwadago ta 1995 ta ba minista ikon ɗora yarjejeniyarsu a kan kamfanonin da ba su sa hannu ba, amma sai an tanadi hanyar neman sassauci, da wata hukuma mai zaman kanta da za ta ji ƙorafin wanda aka hana.

Ku lura da kyau. Irin wannan kamfani ba a yafe masa biya ba, wurin zubawa kawai aka canza masa. Haɗarin shi ne kura ce aka ba ajiyar nama. In kasuwa ta tsaya, abu na farko da mai kamfani zai jinkirta shi ne kuɗin da ba wanda zai neme shi sai bayan shekara 20. Ana cirewa a takardar albashi, ba a zubawa.

Don haka, ya ku shugabanni, in kamfani ya nemi sassauci kada ku sa hannu sai kun ga abin a rubuce. Wa ke riƙe da kuɗin, kuma yana cikin asusun da masu bin kamfani bashi ba za su taɓa ba? Nawa za a cire na ladan kula da asusun? In ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki, me iyalinsa za su samu? Ku kuma nemi a sa wa sassaucin wa'adi, a riƙa sabunta shi bayan mai binciken kuɗi ya duba littattafai.

Na ga hannu a tsakiya. Malama, bismillah, kawo tambayarki.