Daga Laka zuwa Indy 500: Direbobin da Suka Sauya Mota

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Nura ne ke magana, ga Malam Habu a kusa da ni, sai kuma Yaya Zainab da ke kan layi daga jihar Indiyana ta Amurka. Yaya, ina gajiya?

Zainab: Babu gajiya, Nura. Malam, Allah ya ƙara lafiya.

Habu: Amin, Hajiya. Ya mutanen gidan?

Zainab: Kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Nura: To, yau zan fara da abin da ke cina. Kyle Larson ya je Indy 500, babban tseren mil 500 na motocin IndyCar masu buɗaɗɗun tayoyi da ake yi a Indiyanapolis, sau biyu, a 2024 da 2025. Mutum ne da ya ci kambun NASCAR, gasar motoci masu rufi ta Amurka, ana kiransa gwanin gwanaye. Karon farko ya ƙare na 18, karo na biyu ya daki bango tun ba a kai rabin tseren ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne, kowa ya tsaya a inda Allah ya ajiye shi. Direban mota mai rufi ba zai iya da mota mai buɗaɗɗun tayoyi ba.

Habu: Ka yi saurin yanke hukunci, Nura. Ka faɗi inda ya ƙare, ba ka faɗi inda ya fara ba. A 2024, mutumin da bai taɓa yin tsere ko ɗaya a motar IndyCar ba, shi ne na 5 cikin motoci 33 a gwajin gudu. Gudun nan ya haura mil 230 a awa, wato wajen kilomita 370. Kuma me ya mayar da shi baya a ranar tseren? Ya shigo wurin canjin taya da gudun da ya wuce ƙa'ida, aka hukunta shi. Kafin nan yana cikin goman farko.

Nura: Amma ai kuskuren nasa ne.

Habu: Nasa ne, ba musu. Sai dai kuskuren baƙo ne, irin na wanda ƙafarsa ba ta saba da birkin ba. Bari in yi maka bayanin motocin, don a nan maganar take. Motar NASCAR ta kai wajen kilo 1,500, injinta a gaba, tana da rufi da ƙarfe ya rufe tayoyin. In ta gogi wata, sai a ci gaba da tafiya, gugar ma wani ɓangare ne na sana'ar. Motar IndyCar kuwa nauyinta wajen rabin wancan ne, injin yana bayan direba, tayoyin a waje tsirara. Idan tayarka ta taɓa tayar wani a wannan gudun, mota na iya tashi sama. Sannan sitiyarinta ba shi da na'urar sauƙaƙa juyi, da ƙarfin damtse ake murɗa shi.

Zainab: Ga kuma maganar iska, Malam.

Habu: Ita ce ma uwa uba. Fikafikan da ke gaba da bayan motar suna sa iska ta danne ta a ƙasa, iya gudunka iya kamun tayarka. To ka ga wanda ya shekara 20 zuciyarsa na ce masa ya sassauta totur in ya doshi kwana, yanzu an ce masa ya bar ƙafarsa a ƙasa, motar za ta riƙe. Da ya shiga bayan wata motar kuma, iskar ta dagule, gaban motarsa ya yi sako-sako ya nufi bango. Wannan ba a koyonsa da baki.

Zainab: Ni kuma, Nura, inda ban yarda da kai ba shi ne da ka kira Larson direban mota mai rufi. Asalinsa ɗan laka ne. A ƙananan filayen ƙasa na Kalifoniya ya tashi, kuma har gobe in ya samu daren da ba ya aiki, can za ka same shi. Ya ci Chili Bowl, ya ci Knoxville Nationals, manyan tseren laka ke nan. Motocin can kuwa tayoyinsu a buɗe suke.

Nura: Ke da kika je kika gani, ba mu labari. Yaya wurin yake?

Zainab: Na je Kokomo, tafiyar kamar awa guda arewa da Indiyanapolis. Filin ƙarami ne, zagaye ɗaya rubu'in mil. Kafin a fara sai da tankar ruwa ta yi ta zagayawa tana jiƙa ƙasar. Motocin ba su da abin tayar da inji, wata a-kori-kura ce ke tura kowace ɗaya daga baya har ta kama. Tayar baya ta dama ta fi ta hagu girma nesa ba kusa ba. Da suka shigo kwanar farko, wallahi sai da na miƙe tsaye, don kowace mota a karkace ta shigo, direba ya murɗa sitiyari dama alhali hagu zai yi. Laka na ta faɗo mana kamar ƙanƙara. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta miƙo mini tabarau na roba, ta nuna mini in rufe bakin kofin shayina da hannu.

Habu: Allah sarki.

Zainab: Abin da na lura da shi, Malam, ƙasar ba ta zama iri ɗaya. Da farko tana da danshi, tana kama taya. Can an jima sai tsakiyar ta bushe ta yi baƙi tana sheƙi, santsi kamar an zuba mai, lakar kuma ta taru a gefen sama. Direban da ya ci a daren, shi ne wanda ya riga kowa gane cewa hanyar ɗazu ta mutu, ya koma sama dab da bango. Wanda ya tashi a haka, jikinsa ne ke gaya masa mota za ta zame tun kafin ta zame.

Nura: To in haka ne, me ya hana su cika Indy 500?

Zainab: Da ai su ne suka cika ta. A.J. Foyt, wanda ya ci ta sau huɗu, daga laka ya fito. Mario Andretti a filin ƙasa na garin Nazareth a Pennsylvania ya fara, da tsohuwar mota ƙirar Hudson shi da ɗan tagwayensa Aldo. Ya ci Daytona 500, babban tseren NASCAR, a 1967, Indy a 1969, ya zama zakaran Formula 1 a 1978. A zamaninsu hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya: ka yi suna a laka, mai mota ya gan ka, ya kira ka Indiyanapolis.

Habu: Kuma 'yan NASCAR ma suna zuwa. Donnie Allison ya zo na 4 a Indy a 1970, a shekarar nan kuma ya ci tseren NASCAR na mil 600 a Charlotte. Yayansa Bobby ya yi wa ƙungiyar tsere ta Penske tuƙi a Indy sau biyu, Cale Yarborough ya shiga sau huɗu. Abin da ya fara sauya lissafin shi ne inji da ya koma baya. Foyt ne na ƙarshe da ya ci da mota mai inji a gaba, a 1964. Shekara ta zagayo Jim Clark ya zo da Lotus, mota mai inji a baya, daga Ingila, ya ja gaba a zagaye 190 cikin 200. Shi ke nan, motar Indy ta daina kama da motar laka. Bayan 1970 ma aka cire filayen ƙasa daga gasar motocin Indy gaba ɗaya.

Zainab: Daga nan kuɗi ya shigo, kuma wannan ne ke mini ciwo. Ku dubi Jeff Gordon. Iyayensa sun baro Kalifoniya suka koma Pittsboro, wani ɗan gari kusa da Indiyanapolis, don yaron ya samu damar tsere. Ya ci kambun USAC, hukumar da ke shirya tseren ƙananan filaye, a 1990 da 1991. Da ya nemi kujera a motocin Indy, bai samu ba, don ba shi da kamfanin da zai zo da kuɗi a bayansa. Sai ya yi kudu wajen NASCAR. A 1994 ya dawo wannan filin na Indiyanapolis a mota mai rufi, ya ci tseren NASCAR na Brickyard 400 na farko. Yaron gida ne, a ƙofar gida ya girma, aka bar shi ya tafi.

Nura: Ba saboda irin wannan ne Tony George, shugaban filin Indiyanapolis a lokacin, ya ɓalle ya kafa sabuwar gasar motocin Indy mai suna IRL, wadda ta fara tsere a 1996, ba?

Zainab: Yana cikin dalilan da aka bayar, cewa za a buɗe wa 'yan ƙananan filaye ƙofa. Kuma Tony Stewart ya shiga ta ƙofar. A 1995 ya haɗe kambu uku na USAC a shekara guda, a 1997 ya zama zakaran IRL. Sai dai rabuwar ta raunana gasar, masu kallo da masu talla suka koma NASCAR, shi ma a 1999 ya bi su. Sai 2008 aka sake haɗewa.

Habu: Amma Stewart ya bar abin da har yau ba a maimaita ba. A 2001 ya yi mil 500 a Indy ya zo na 6, ya hau jirgi zuwa Charlotte, ya yi mil 600 ya zo na 3. Mil 1,100 a wuni ɗaya, cikin motoci biyu da ba abin da ya haɗa su sai tayoyi huɗu. Kurt Busch ya gwada a 2014, ya zo na 6 a Indy, inji ya mutu masa a Charlotte. Larson kuwa a 2024 ruwan sama ya jinkirta Indy awa huɗu, ya isa Charlotte a makare, ruwan ya sake tsayar da tseren can bai yi ko zagaye ɗaya ba.

Nura: To Jimmie Johnson fa, Malam? Kambu bakwai a NASCAR, amma da ya koma IndyCar a 2021 kullum yana can baya.

Habu: Nan kam kana da gaskiya, amma dubi inda ya sha wahalar. Ya shiga yana da shekara 45, kuma a shekarar farko hanyoyi masu kwanar hagu da dama kawai ya yi, ya guji filayen zagaye saboda haɗarinsu. A irin waɗannan hanyoyin birki ne komai. Yaran da yake karawa da su tun suna 'yan shekara bakwai ko takwas suke koyon taka birki da dukkan ƙarfi a taƙin ƙarshe, su sassauta a hankali suna shiga kwana. Shi kuma mota mai nauyi ta koya masa lallaɓawa. Da ya shiga filayen zagaye a 2022, ya zo na 6 a Teksas, na 5 a Iowa. Mutum ɗaya ne, mota ɗaya.

Nura: Amma Scott McLaughlin shi ma daga mota mai rufi ya zo, ya kuwa yi nasara.

Habu: Ya yi. Kambu uku a jere a Ostireliya, 2018 zuwa 2020. Sai dai shi dama a hanyoyi masu lanƙwasa ya tashi, yana ƙasa da shekara 30 ya zo, kuma Penske ya ba shi cikakkiyar shekara ya koya, sai a 2022 ya fara ci. A 2024 shi ya fi kowa gudu a gwajin Indy 500. Wa ya ba ɗan laka irin wannan haƙurin?

Zainab: Babu, Malam. Matakan hawa IndyCar a yau, daga USF2000 har Indy NXT, mafi yawan tserensu a hanyoyi masu lanƙwasa ne, kuma iyali ko kamfani ne ke biya. Yaron da ke tsere a Kokomo daren Lahadi da kuɗin kyautar jiya yake sayen tayar gobe. Shi ya sa ba na gajiya da ambaton Bryan Clauson.

Nura: Ban san shi sosai ba, Yaya.

Zainab: Zakaran USAC ne, ya shiga Indy 500 sau uku, 2012 da 2015 da 2016, bai kuma bar laka ba. A 2016 ya ƙudura zai yi tsere 200 a shekara guda. Ranar Indy 500 ya gama tserensa a gaban dubban ɗaruruwan mutane, har ya ɗan ja gaba na wasu zagaye, sannan ya kama hanyar Kokomo, ya shiga motar laka a daren nan, ya ci. A watan Agusta na shekarar ya yi hatsari a Belleville ta jihar Kansas, ya rasu yana da shekara 27.

Habu: Rai baƙon duniya.

Zainab: Tun da ransa ya yi rajistar bayar da sassan jikinsa, mutum biyar suka rayu ta dalilinsa. Yanzu a cikin babban filin Indiyanapolis, ta wajen kwana ta uku, an gina ƙaramin filin laka, ana yin tsere da sunansa, BC39, lambar motarsa ke nan. Daga kan bencin 'yan kallo kana hango bangon babbar hanyar.

Nura: Yaya, in lokacin ya zo ki je ki ɗauko mana sautin injinan, mu sa wa masu sauraro.

Zainab: In sha Allahu zan je, da tabarau na.

Habu: Allah ya kai mu. A gaida yara, Hajiya.

Zainab: Za su ji, Malam. Sai an jima.