Tsohon Coci Da Girgizar Ƙasa: Laccar Da Aka Gabatar Wa Magina A Garwa

Assalamu alaikum. Iyayena magina, yayye da ƙanne, sannunku da zuwa.

Tun a bakin ƙofa wani dattijo ya tare ni, ya ce, "Injiniya, mu nan Garwa ruwan Binuwai ne damuwarmu, ina ruwanmu da girgizar ƙasa, balle cocin Turawa?" Ya yi gaskiya, ƙasarmu ba ta cika motsi ba. Sai dai Kamaru na da dutse mai aman wuta a kudu, wanda ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a Disamban 1983 ƙasa ta girgiza a arewacin Gini, ɗaruruwan mutane suka mutu a wurin da ba a zata ba. Na ɗauko coci ne saboda yana cikin gine-ginen dutse da aka fi bincika. Abin da aka gano a jikinsa ya shafi masallacin Juma'a da soron fada.

Ku dubi siffarsa. Zaure ne dogo, bango mai tsawo, babu ɗakuna a ciki da za su tokare shi, ga rufi mai nauyi a sama. Dutse da tubali suna jure danniya. Ɗora musu kaya, ko gezau. Amma ja su ko tura su ta gefe, nan take suke rabuwa. Girgiza kuwa ta gefe take zuwa.

Bayan girgizar Firiyuli ta 1976 a Italiya, masana suka bi cocin da suka lalace ɗaya bayan ɗaya. Suka lura ba ya faɗuwa gaba ɗaya kamar buhu. Gaɓa-gaɓa yake faɗuwa, kowace da halinta. Bangon gaba ya ɓalle daga na gefe ya kife waje. Hasumiyar ƙararrawa ta karye daga sama, inda tagogi suka rage mata ƙarfi. Rufin baka, irin ɗaurin gugan da kakanninmu ke yi da azara, ya tura bango waje har ya rasa inda zai zauna. Yau takardar da jami'an Italiya ke cikawa in sun je duba coci bayan girgiza tana ɗauke da hanyoyin rushewa 28, mai bincike ya duba kowace ya ba ta maki.

Saboda haka in aka kira ni duba tsohon gini, ba kaurin bango nake fara aunawa ba. Kusurwa nake zuwa. Duwatsun bangon nan sun shiga cikin na wancan kamar yatsun hannu biyu, ko jingine suke kawai? Sai in ƙwanƙwasa. Bango da yawa fuska biyu ne, tsakiya an cika da ɓaraguzai, ka gan shi kamu huɗu amma ciki holoƙo. Sai in tambayi tsofaffin wurin, yaushe aka huda ƙofar can, wa ya ƙara tsayin nan? Tsagewa kuma ba a yi mata gaggawar yaɓe. A liƙa ɗan gilashi a kanta, a rubuta ranar, a dawo bayan damina. In ya fashe, tana raye. Masu kuɗi suna kafa na'urori su auna rawar da gini ke yi in iska ko mota ta wuce, su zuba a kwamfuta. Yana da amfani, amma ni ban yarda da lissafin wanda bai hau tsani ya leƙa saman rufi ba.

A garin Asisi na Italiya, ranar 26 ga Satumba 1997, mutane suna cikin babban cocin Waliyyi Faransis suna duba ɓarnar girgizar dare sai ta sake dawowa. Wani ɓangare na rufin baka ya rufto, mutum 4 suka rasu. A garin Norciya, shi ma a Italiya, a 2016 kuwa bangon gaba na babban cocin ne ya tsaya, kusan duk sauran ya zube. Shi ya sa ba a yanke wa gini hukunci daga nesa. Masallaci ma bai tsira ba: na Tinmel a Maroko, ginin ƙarni na 12, girgizar Satumban 2023 ta rushe mafi yawansa.

Na'am, Baba, tambayarka?

Ya ce me zai hana a zuba kankare da rodi a sama a huta.

Baba, Allah ya ƙara girma, nan ne Turawan ma suka yi kuskure. Sun ɗora wa tsofaffin bangaye rufin kankare, da girgiza ta zo, nauyin ya riƙa dukan bangon har ya watse a ƙarƙashinsa. Kamar ka ɗora wa tsoho buhun gero ne ka ce ya yi gudu. Abin da ya fi aiki shi ne sandar ƙarfe da ake ratsawa daga bango zuwa bango, a ɗaure ta da faranti a waje, sai rufi marar nauyi da aka ɗaure da bangon sosai. Yaɓen siminti a kan ginin ƙasa ma ku bar shi, yana tsare danshi a ciki, tushe ya ruɓe ba ku gani ba. Wanda ke da tsagewa a masallacin unguwarsu ya same ni bayan la'asar, na zo da gilasan.