Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke da Alhakin Makarantar Garinmu?

Assalamu alaikum, masu sauraronmu na Birnin Kebbi da kewaye, da na Argungu da Yawuri da Zuru, da waɗanda ke kama mu a garuruwan bakin iyaka ta wajen Kamba da Bagudo. Barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da suka taru a wannan mako, ko da mai wasiƙa ya faro da batun sarauta ko na al'ada, kusan duk a kan makaranta suke ƙarewa, saboda haka muka haɗa su wuri ɗaya.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani dattijo manomi da ke wani ƙauye a gefen fadama. Ya ce tun farkon damina iska ta yaye kwanon ajujuwa biyu a firamaren garinsu, yara suna karatu a gindin itace, ranar da hadari ya taso kuwa sai a sallame su. Ya je wurin hedimasta, hedimasta ya ce ya rubuta takarda yana jiran amsa. Tambayarsa ita ce: wa ke da alhakin gyaran, gwamnatin tarayya, ko ta jiha, ko ƙaramar hukuma?

Baba, Allah ya saka da alheri bisa damuwar da ka nuna. Amsar ita ce dukkan ukun suna da hannu, kuma wannan ne ma tushen wahalar. Tsarin mulkin 1999 ya sanya ilimi cikin abubuwan da tarayya da jihohi suke da ikon yin doka a kansu, sannan a jadawali na huɗu ya ambaci samar da ilimin firamare da kula da shi cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta sa hannu a ciki. A shekarar 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai ɗaya a Sakkwato, a 2004 kuma aka yi masa doka, wadda ta ce karatun shekara tara, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro. Dokar ta tanadi cewa tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta domin wannan aiki, ta hannun hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, da ke Abuja. Sai dai kason gine-gine da gyare-gyare ba ya fitowa haka kawai. Dole jiha ta fara ajiye nata rabin, ta kuma gabatar da tsarin ayyukan da za ta yi, kafin a sakar mata na tarayya. Shi ya sa a wasu shekaru ake jin cewa kuɗi suna kwance a Abuja alhali ajujuwa na zuba a jihohi daban-daban na ƙasar nan.

Idan kuɗin sun fito, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, ita ke bayar da aikin. Idonta a kowace ƙaramar hukuma shi ne sakataren ilimi. To, takardar hedimasta wurin sakataren ilimi take zuwa, shi kuma ya tura ta gaba. Albashin malaman firamare kuwa an daɗe ana cire shi ne daga kason ƙananan hukumomi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, wanda ke nufin cewa shugaban ƙaramar hukuma da kansilan mazaɓarku suna da ƙarin dalilin amsa tambayarku, ba su ce komai yana hannun jiha ba.

Shawarar da za mu ba ka, Baba, ita ce kada a bar hedimasta shi kaɗai da takardarsa. Shi ma'aikaci ne, akwai iyakar matsin da zai iya yi wa na sama da shi. Kowace makarantar firamare ya kamata a ce tana da kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ya ƙunshi wakilin mai gari da liman da iyaye maza da mata da tsofaffin ɗalibai. Ku tambaya ko naku yana nan, in ya mutu ku tayar da shi. Ku rubuta takarda da sunan kwamitin, ku saka ranar da iska ta yi ɓarnar da yawan yaran da abin ya shafa, ku ɗauki hoto da waya, mai gari ya sa hannu, uban ƙasa ya shaida, ku kai wa sakataren ilimi, ku ba kansila da ɗan majalisar jiha kwafi, ku kuma riƙe naku da hatimin karɓa a jikinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma jami'in da ke zaune a ofis ba zai san girman abin ba sai an kai masa a rubuce, an kuma dawo an sake tambaya. In har abin da ake buƙata bandir ɗin kwano ne kaɗan da katako da ƙusa, babu laifi gari ya yi gayya ya rufe kafin damina ta rusa bangon, amma a rubuta abin da aka kashe a sanar da hukuma, domin kada taimakon jama'a ya zama hujjar sauke nauyin da doka ta ɗora wa gwamnati.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar wani ɗalibin kwalejin horar da malamai ta Adamu Augie da ke Argungu, wanda ya tambaya: me ya sa ake ta kiran sarakuna su taimaka wa ilimi, alhali tsarin mulki bai ba su wani aiki ba?

Gaskiya ne, tsarin mulkin 1999 bai tanadar wa sarakuna wani iko ba. A da ba haka abin yake ba. A zamanin En'e, makarantun elementare da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari duk suna ƙarƙashin hukumar sarki ne, kuma akwai Majalisar Sarakuna a Kaduna har zuwa juyin mulkin 1966. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kammala raba sarauta da gudanar da mulki. Amma abin da ba a iya karɓewa ba shi ne sanin jama'a. Jihar nan ta Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar jihar Sakkwato a watan Agustan 1991, tana da ƙananan hukumomi 21 da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, kuma daga fadar kowane sarki akwai igiyar da ta sauko ta kan uban ƙasa da dagaci har zuwa mai unguwa. Mai unguwa ya san gidan da aka haihu, ya san gidan da ke da yara biyar babu ko ɗaya da ke zuwa aji. Babu ma'aikatar da ke da wannan sani. An ga amfaninsa a yaƙin da aka yi da cutar shan inna, lokacin da maganar sarakuna da malamai ta buɗe ƙofofin da ma'aikatan lafiya suka kasa buɗewa. A ganinmu kuskure ne gwamnati ta riƙa tunawa da mai unguwa ranar taro kawai. Ya kamata rajistar yaran da suka isa shiga makaranta ta riƙa bi ta hannunsa a kowace shekara, a kuma ba shi ɗan abin da zai yi aikin da shi.

Wasiƙa ta uku ta fi taɓa mana zuciya. Wata baiwar Allah ce ta rubuto, ta ce 'yarta ta gama aji shida kuma tana da ƙoƙari, amma dangin mahaifin yarinyar sun ce karatun ya isa haka, wai barin mace ta yi zurfi a boko ba al'adarmu ba ce. Tana tambaya ko da gaske al'ada da addini sun hana.

'Yar'uwa, Allah ya yi wa yarinyar albarka. Muna roƙon dangin su saurara da kyau, domin ba da niyyar cin fuska za mu yi magana ba. Ƙasar nan da muke zaune a cikinta, tarihinta na ilimi ne. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma mata suna halartar wa'azinsa duk da sukar da ya sha a kan haka. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya bar rubuce-rubuce masu yawa a tafsiri da fiƙihu da nahawu da tsarin shugabanci. 'Yar Shehu kuwa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda take horar da dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa, su riƙa jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Duk wanda ya ce karatun mace baƙon abu ne a ƙasar Gwandu da Kabi, to ya sake duba tarihin gidansu.

Wani zai ce ai wancan karatun addini ne, ba boko ba. To, sai mu tambaye shi: idan matarsa ta zo haihuwa, wa yake so ya karɓi haihuwar? Kowa zai ce mace. Ungozomar asibiti da malamar jinya da likita mace ba daga sama suke faɗowa ba, 'ya'yan wasu ne da aka bari suka wuce aji shida. Ba zai yiwu mu hana namu karatu, sannan mu yi fushi don mun tarar da namiji a ɗakin awo ba.

Ta fuskar doka, yarinyar ba ta ma kammala karatun tilas ba, saura shekara uku na ƙaramar sakandare. Dokar 2004 ta ce mahaifin da ya hana ɗansa wannan karatu, karon farko za a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Mun faɗi wannan ne don a sani, ba don muna ba ki shawarar kai surukanki ƙara ba, domin hakan zai iya jawo miki ɓacin zaman gida. Abin da ya fi shi ne ki nemi wanda suke jin nauyinsa, liman ko wani kawu ko malamar Islamiyya mai mutunci, a zauna a gano ainihin abin da suke tsoro. Sau da yawa kalmar al'ada mayafi ce kawai, a ƙarƙashinta akwai rashin kuɗin littafi da kayan makaranta, ko nisan hanya, ko fargabar tarbiyya, ko tsoron 'yan bindiga. Wannan tsoro na ƙarshe ba wanda zai raina shi, domin mutanen jihar nan ba su manta da ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri da aka sace a watan Yunin 2021 ba. Idan abin da ke damunsu ke nan, a nemi makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa, yaran unguwa su riƙa tafiya tare, ta kuma ci gaba da Islamiyyarta da yamma. Ita ma gwamnati ta sani cewa duk makarantar da ba ta da katanga da mai gadi da ban-ɗakin mata, ita da kanta take ba masu cire 'ya'yansu hujja.

Wani malamin sakandare kuma ya rubuto da ɗan zafi, yana cewa me ya sa za a kashe kuɗi a bikin kamun kifi na Argungu alhali ɗalibansa ba su da kujeru.

Malam, fushinka yana da dalili, kuma haƙƙinka ne ka nemi a bayyana abin da aka kashe da abin da bikin ya shigo da shi. Kasafin kuɗin jiha takarda ce ta jama'a, majalisar dokoki ke amincewa da ita. Amma ba mu yarda cewa sai an kashe ɗaya kafin ɗayan ya rayu ba. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A cikinsa akwai darasin shugabanci da ya fi na littafi: Sarkin Ruwa ke da ikon buɗe Matan Fada, wato kogin da ake yin gasar a cikinsa, ba a shiga sai ya ba da izini, ana hana kamun kifi a wurin tsawon lokaci domin kifi ya hayayyafa, kuma da homa da gora ake shiga. Wannan tsarin kiyaye albarkatun ruwa ne da kakanninmu suka shimfiɗa tun kafin a kafa ma'aikatar muhalli.

Abin da ke damunmu shi ne yaro ya gama sakandare a jihar nan bai taɓa shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu ba, bai san Surame, tsohon babban birnin daular Kabi ba, bai san me ake yi a bukukuwan Uholar Zuru ko Rigatar Yawuri ba. Malam, kai ma kana da abin yi a nan. Ka nemi izinin shugaban makarantarku ka kai ɗalibanka gidan tarihin, ko ka gayyato wani dattijon masunci ya yi musu bayanin fashin ruwa, wato al'adar buɗe ruwa domin kamun kifi, a aji, su kuma su rubuta abin da suka ji. Batun kujeru kuwa, ka bi hanyar da muka faɗa wa dattijon da ya fara rubuto mana, ta kwamitin makaranta da takarda mai hatimi, sai dai in babbar sakandare ce, takardar za ta nufi ofishin ilimi na shiyya ne da ma'aikatar ilimi ta jiha.

Akwai wasiƙu biyu a kan makarantun allo da hukumar kula da almajirai da aka kafa a 2023, da wata daga wani makiyayi a kan makarantun 'ya'yan Fulani. Lokaci ba zai bari mu ba su haƙƙinsu yau ba, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Masu rubuto mana su riƙa ambaton garinsu da matakin makarantar da suke magana a kai, domin amsar firamare daban take da ta sakandare. Wassalamu alaikum.