Lacca: Yadda ido da kunne ke aiki tare a wajen majinyacin da ya daina lura da hagunsa

Toh jama'a mu ci gaba. Mutum ya samu shanyewar ɓarin jiki, jini ya yanke a ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa wajen da ake kira parayetal, sai ka ga an ajiye masa faranti ya cinye rabin dama ya ce abinci ya ƙare, in ka ce ya zana agogo duk lambobin sai ya cusa su a dama. Sau da yawa idonsa lafiya lau fa, hankalin ne baya zuwa hagu, kuma shi bai ma san ya bar wani abu ba.

Kunne ma bai tsira ba. Ka tsaya ta hagunsa ka yi masa magana, ya ji ka sarai amma sai ya juya ya amsa wa wanda ke damansa, sautin ya shiga, inda ya fito ne ƙwaƙwalwa ta karkatar. Dan Allah masu jinya ku daina cewa raini ne ko taurin kai, wallahi maganar nan tana min ciwo.

Yanzu ga inda nake so ku nutsu. A 2002 masu bincike Frassinetti, Pavani da Ladavas a Italiya sun riƙa kunna wa irin waɗannan majinyata ɗan haske ta hagu, galibi sai ya wuce basu lura ba, amma in aka haɗa shi da ƙara daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya sai su fi ganinsa, in kuma aka nisanta ƙarar da hasken sai amfanin ya ragu. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne a can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani wuri, sufiriyo kolikulus, da ƙwayoyin jijiyarsa ke amsa wa ido da kunne tare, masu bincike Stein da Meredith sun daɗe da nuna haka a jikin kyanwa, kuma yankewar jinin da ta taɓa parayetal yawanci bata kaiwa can ƙasa inda wurin nan yake. Kunne ne ke janyo ido zuwa hagu kenan.

Akwai hanya ta biyu. Ian Robertson da abokan aikinsa a 1998 sun nuna cewa ƙarar gargaɗi ta ba-zata, ko ba daga hagu ta fito ba, tana farkar da majinyaci ya fi saurin lura da abin da ke hagu, sai dai na ɗan lokaci ne kaɗan, da farkawar ta lafa yake komawa damansa.