Yadda ake karanta dangantaka a kabarin Richard Beauchamp na Warwick

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu duba kabarin Richard Beauchamp ne, basaraken Warwick, wanda ya rasu a birnin Rouen na Faransa a 1439. Kabarin yana cikin cocin St Mary a garin Warwick na Ingila, a wani sashe da aka gina musamman dominsa. Gobarar 1694 ta cinye yawancin cocin, amma wannan sashe ya tsira.

Gindin kabarin dutsen marmara ne na Purbeck, wani yanki a kudancin Ingila. A samansa an kwantar da siffar mamacin, ta tagulla da aka shafe da zinariya, sanye da sulke. Kansa yana kan kwalkwali mai ɗauke da siffar tsuntsun ruwa mai dogon wuya. A ƙafafunsa akwai dabbobi biyu: beyar mai takunkumi, alamar gidan Warwick, da wani dodo mai kan mikiya da jikin zaki, alamar gidan matarsa ta biyu, Isabel Despenser. Tun daga nan an fara gaya maka wa ya auri wa.

To, ku sauko da idanunku gefen kabarin. Akwai ƙananan mutum-mutumi 14 na masu makoki, maza bakwai mata bakwai, kowanne da garkuwa mai ɗauke da tambarin gidansu a ƙasansa. Fuskokinsu ba za su gaya maka komai ba. Garkuwar ce sunan mutum.

Ga yadda ake karanta ta. Da farko, dama da hagu na mai riƙe da garkuwar ake nufi, don haka damarta tana hagunka kai mai kallo. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe, sai su mayar da miji mata. In an raba garkuwa biyu daga sama zuwa ƙasa, aure ake nunawa: tambarin miji a dama, na gidan uban matar a hagu. In kuwa an yanka ta gida huɗu, to maganar gado ce. Wata kaka a zuriyar ba ta da ɗan'uwa namiji da ya bar baya, sai 'ya'yanta suka gaji tambarin gidansu suka haɗa da na ubansu, galibi tare da filaye. Tambarin Beauchamp jan fili ne, da ɗamara ta zinariya a tsakiya, da ƙananan gicciye shida. Na gidan Neville kuma jan fili ne da farin gicciye a karkace. 'Yan gida ɗaya sukan bambanta da ƙaramar alama da ake ƙarawa a kan tambarin, kuma wanda bai lura da ita ba sai ya ɗauki ɗa a matsayin uba.

Launi ma yana yaudara. A kaburbura da yawa fenti ne a kan dutse, ya goge, wani mai gyara ya zo bayan ƙarnuka ya shafa abin da ya ga dama. Tambari biyu na iya zama zane ɗaya, launi kaɗai ya raba su. Garkuwoyin wannan kabari an yi su da ruwan gilashi da aka gasa a kan ƙarfe, irin na kwanon samira, shi ya sa aka fi amincewa da su.

Yanzu su wane ne a wurin? Akwai ɗan mamacin, Henry, da matarsa Cecily Neville. Akwai 'ya'yan mamacin mata uku na matar fari, Elizabeth Berkeley, wato Margaret da Eleanor da Elizabeth, da mazajensu John Talbot da Edmund Beaufort da George Neville. Akwai autarsa Anne da mijinta Richard Neville. Ragowar huɗun ba zuriyar mamacin ba ne, surukai ne: iyayen Richard Neville, da gwaggon shi Richard Neville ɗin, Anne Neville, tare da mijinta Humphrey Stafford. In ka ƙirga, biyar daga cikin 14 haifaffun gidan Neville ne, a kabarin da ba na Neville ba.

Dalilin yana cikin shekaru. Henry ya rasu a 1446, 'yarsa tilo ta bi shi a 1449 tana ƙarama. Dokar Ingila ta lokacin ta fifita shaƙiƙiya a kan 'yan uba, sai sarauta da yawancin filaye suka faɗa hannun Anne, wadda take uwa ɗaya uba ɗaya da Henry, yayyenta uku kuma aka bar su suna ƙorafi. Mijinta Richard Neville ya zama basaraken Warwick, kuma a zamaninsa aka kammala aikin tagullar, a shekarun 1450. A ganina, zaɓen waɗanda aka jera a gefen kabarin ya fi nuna wanda gado ya koma hannunsa a kan son ran mamacin. Saboda haka kafin ka zana bishiyar zuriya daga kowane kabari, ka binciki shekarar da aka yi shi da wanda ke riƙe da gidan a lokacin, sannan ka gwada garkuwoyin da wasiyya da takardun fili.