Darasin gona: oba-oba, daga saye har iya magana da ita

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, manoma da makiyaya, barkanmu da war haka. Yau na shigo ɗakin nan da wasu 'yan na'urori biyu a aljihu. Ɗaya ga ta a hannuna, ɗayar kuma na ba ƙanena, na ce ya fita can bakin ƙofa ya jira ni, za mu gwada ku ji da kunnenku. Wayar oba-oba ce, wadda muka saba gani a ƙugun 'yan sanda da masu gadin banki. Sunan ma daga bakinsu aka samo shi, don in sun gama magana sukan ce "oba", wato na gama, saura kai.

Wani zai ce, Malam, ga wayar salula a aljihun kowa, me za mu yi da wannan? To, wanda ke noman rani a wajajen Kadawa ko kwarin Haɗeja ko Bakolori ya san amsa. Kana cikin fadama sabis ya ɗauke, injin ban ruwa na can bakin kogi yana ta aiki, tiyo ya fashe a tsakiya, ruwa na malala gonar maƙwabci, yaron da ke wajen injin kuma bai sani ba. Kafin ka yi gudu ka je ka kashe, man fetur ya ƙone a banza, ga rigima ta taso. Ita oba-oba ba ruwanta da kamfanin waya, ba kati, ba data. Daga wannan na'ura zuwa waccan kai tsaye maganar ke tafiya. Kuma in mutum ɗaya ya yi magana, duk wanda ke kan layin ya ji lokaci guda: direban tarakta ya ji, mai korar tsuntsu a gonar shinkafa ya ji, mai kai abinci daga gida ya ji.

Bari mu fara da inda aka fi cutar mutane, wato nisan zango. Ni kaina an yi mini. Na sayi guda biyu a kasuwa, a jikin kwali an rubuta kilomita 50 ɓaro-ɓaro, mai shagon har da rantsuwa. Da na kai gona, ko kilomita biyu ba mu yi ba maganar ta fara yankewa. Ba na'urar ce ta lalace ba, ni ne ban san yadda abin yake ba. Saƙon oba-oba kamar gani da ido yake, miƙe yake tafiya, ba ya bin bayan tudu. Mutumin da ke tsaye a fili fetal, ba bishiya ba dutse, iyakar abin da idonsa ke hangowa kusan kilomita 5 ne, daga nan ƙasa ta lanƙwasa. Haka ita ma. Sai ka ɗora kurmi, da gine-gine, da kwari, ka ga nisan ya dawo kilomita ɗaya zuwa uku. Wannan shi ne abin da za ka sa rai da shi daga hannu zuwa hannu. Lambar kan kwali, sai dai in ɗayanku yana kan dutsen Dala, ɗayan kuma yana kan wani dutsen da suke hangen juna.

Saboda haka tsawo ya fi ƙarfi amfani. Ku riƙe wannan. Masu sayarwa suna son su ce maka wannan ƙarfinta wat 5 ne, waccan wat 8, ƙara kuɗi ka ɗauki babba. Amma kafin nisa ya ninka sau biyu, sai ƙarfin ya ninka aƙalla sau huɗu, batir kuma ya ƙare da wuri. In kuwa ka hau kan tankin ruwa mai tsawon mita 10, hangen ya tashi daga kilomita 5 zuwa sama da 11, ba ka kashe ko kwabo ba. Shi ya sa in magana ta fara shaƙewa nake cewa, kada ka ɗaga murya, ɗaga ƙafa: hau kan suri, hau bayan amalanke, fito daga cikin kwari. Wanda gonarsa ke da faɗi, ya kafa doguwar eriya a kan sanda a gida ko a rumfar gona, ya haɗa ta da na'ura ɗaya, nan ne za ta zama uwar garke.

Akwai kuma abin da mai shago ba zai gaya maka ba, don shi ba manomi ba ne. Gonar da ka gwada a watan Maris, fili ƙwal, ba ita ce gonar watan Agusta ba. In dawa da masara suka fi mutum tsawo, ganye ya jiƙe da ruwa, suna shanye saƙon. Nan ne bambancin iri biyu na oba-oba ke fitowa, gwargwadon mitar rediyon da kowace ke aiki a kai. Akwai VHF, mai aiki tsakanin megahaz 136 zuwa 174, akwai UHF, daga 400 zuwa 470. VHF ta fi jure fili da ciyayi, ita ce ta daji. UHF ta fi ratsa gini, don haka mai gidan kaji ko sito ko masana'antar casar shinkafa ita ta fi masa. 'Yar ƙaramar Baofeng ɗin nan da ta cika kasuwa, BF-888S, UHF ce kaɗai, layi 16 gare ta, ba allo ba lambobi, murɗawa kawai ake yi. Yayarta UV-5R tana da duka biyun, tana ma kama tashoshin FM, sai dai maɓallanta sun yi yawa. A ra'ayina, yaron gona ka ba shi mai sauƙin. Na sha ganin an danne wani abu cikin kuskure, a wuni ana kiran mutum ba ya ji. Motorola da Kenwood sun fi ƙarko nesa ba kusa ba, kuɗinsu ma haka, kuma jabunsu sun yi yawa.

To bari mu gwada. Ga wani babban maɓalli a gefe, daidai inda yatsa ke faɗawa. In ka danne shi kana magana, in ka sake kana saurare. Ba a yin biyun tare. Ku saurara.

"Fadama, Fadama, Gida ne ke kira. Kana ji na? Oba."

"Ina jin ka tangaram, Yaya. Oba."

"Kashe inji, tiyo ya fashe. Maimaita abin da na ce. Oba."

"In kashe inji, tiyo ya fashe. An gama, Yaya."

Madalla. Kun lura da abubuwan da na yi? Da na danna ban yi magana nan take ba, na ɗan jira kamar numfashi ɗaya. In ka yi gaggawa kalmar farko tana ɓata, kuma a Hausa kalmar farko ita ce mai hatsari. Ka ce "kada ka buɗe ruwa", shi kuma ya ji "ka buɗe ruwa". Kun ga an yi ɓarna ke nan. Shi ya sa ma na sa ya maimaita. Sannan na fara da sunan wanda nake kira, sau biyu, kafin nawa. Kuma ba sunan yanka muke amfani da shi ba, sunan wuri ne ko aiki: Gida, Fadama, Tarakta, Garke. Yau wannan ne a bakin inji, gobe wani, sunan bai canza ba.

Na san mu Hausawa da gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya muka ji da zafi. A nan sai dai a yi haƙuri. Muddin yatsanka na kan maɓallin nan, ba wanda zai iya shigowa, ko da gobara ce ta tashi a tarin karan dawa. A gaisa da safe ido da ido, a kan layi kuma a faɗi abin da ya kawo mutum. Haka wanda ya sa ta a aljihun baya ya zauna a kai, ya danne maɓalli bai sani ba, ya toshe wa kowa hanya, ana ta jin hirarsa. Rataye ta a kafaɗa ko a ƙirji. In za ka yi magana, eriya ta kalli sama, kada ka kwantar da ita kamar wayar salula, bakinka kuma ya bar tazarar yatsu uku zuwa huɗu.

Yanzu maganar da ba a wasa da ita. Oba-oba ba ta da sirri. Waɗannan masu layi 16 da saiti iri ɗaya suke fitowa daga kamfani, duk wanda ya sayi irinta a kusa da kai zai ji ka. Akwai wani saiti da ake kira CTCSS, wasu na cewa makulli ne. Ba makulli ba ne. Kunnenka kawai yake toshewa daga hayaniyar wasu, amma su suna jin ka sarai. Don haka ba a faɗin an sayar da buhu nawa, ko wa zai tafi kasuwa da kuɗi, ko inda shanu za su kwana.

Sannan iskar da saƙon ke bi tana da masu ita. A Najeriya hukumar sadarwa ta NCC da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ne ke raba mitocin rediyo da ba da lasisi, a Nijar kuma hukumar ARCEP. A Turai akwai ƙananan na'urori masu rabin wat a kan megahaz 446 da kowa ke riƙewa ba takarda, amma wannan dokarsu ce ta can, kada ka ɗauka ta biyo kwali ta shigo ƙasarka. Tambayi hukuma, ko dillalin da ke da rajista, ya saita maka layin da aka yarda. Irin UV-5R mai maɓallan nan tana iya faɗawa layin jami'an tsaro, kuma ba ka son a same ka a can. Ku tuna a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda 'yan bindiga. Tun daga nan, wanda aka tare a shingen bincike da oba-oba a jaka sai ya yi bayani. Ajiye rasiɗinka. Ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinku cewa kana da guda kaza, na aikin gona ne, kafin a zo tambaya.

Kula da ita ba shi da wuya. Kada ka taɓa danna maɓallin magana babu eriya a jiki, yana iya ƙona ta. Kada ka ɗauke ta ta eriya kamar kunnen zomo. Batir ya tsani zafi, kada a bar ta a rana kan murfin tarakta. Magana ce ke cin batir, saurare kaɗan yake ci, don haka in kuna kusa ku sauke ta zuwa ƙaramin ƙarfi, sai ta kai ku magariba. Inda ba wuta, ɗan faifan sola ya isa caji. In ka ga IP67 a jikinta, ƙurar hunturu ba ta shiga, kuma za ta jure faɗawa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. Masu arahar ba su da wannan, sai a sa su cikin leda in hadari ya haɗo. Mai doguwar eriya a kan sanda kuma, da ka ji cida ka zare wayarta daga na'ura, saboda tsawa.

Kafin ka sayi goma, sayi biyu, ko ka ara. Ka tsayar da mutum a inda za ta zama uwar garke, kai kuma ka zaga iyakar gona, kowace kusurwa ka kira, ka shiga kwarin da ya fi zurfi ka kira. Inda ta yanke, nemi tudu mafi kusa da take kamawa, ka sa alama ko da tsumma ne a jikin bishiya, kowa ya san nan ake zuwa a yi kira. In damina ta yi nisa a sake zagayen.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo. Bari in kira yaron nan ya shigo, ya daɗe a rana. "Fadama, Fadama, Gida ne. Dawo ciki, an gama." Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar kafa eriya a kan sanda. A huta lafiya.