Amsoshin Tambayoyinku: Damuwa da Gushewar Sha'awa

Assalamu alaikum masu sauraro na Damagaram da kewaye, barkanmu da war haka. Wasiƙu biyu muka ɗauko yau, masu su duk sun ce a sakaya sunansu. Maganar ta manya ce, in akwai yara kusa da rediyo a aike su.

Ta farko daga wani magidanci ne a unguwar Zango, mai rumfa a kasuwar Dole. Ya ce: "Tun da jarina ya karye bashi ya yi mini yawa, na daina jin sha'awar iyalina. Ko na kusance ta sai zuciyata ta hau bugawa, jiki ya mutu. Abokai a fada sun ce basir ne, wasu sun ce sammu. Na sha maganin ƙarfin maza, ba canji."

Malam, Allah ya kawo buɗi. Kai da kanka ka faɗi mafarin abin: ranar da jari ya karye. Idan mutum yana cikin fargaba, jikinsa na sakin sinadarai biyu, adirenalin da kotizol. Aikinsu su shirya shi gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya koma ga tsokar ƙafa da hannu. Miƙewar gaba kuwa ba ta samuwa sai jijiyoyin nan sun saki, jini ya cika wurin. Jiki bai san bambancin mai bin bashi da kura ba, duk shirin gudu yake yi. In damuwar ta daɗe, kotizol kan rage testosteron, sinadarin da ke tayar da sha'awa.

Abin da ya fi cutarwa shi ne abin da ke biyo baya. Da zarar abu ya ƙi sau ɗaya, sai namiji ya shiga ɗaki da tsoron kada ya sake ƙi, hankalinsa na kan gabansa ba kan matarsa ba, tsoron kuma ya jawo abin da ake tsoro. Masu bincike biyu na Amurka, Masters da Johnson, sun bayyana wannan tun 1970, kuma shawararsu har yau likitoci na aiki da ita: ma'aurata su yarda su ajiye saduwa na ɗan lokaci, a tsaya ga hira, wasa da taɓa juna, ba tare da dole sai an kai ga wani abu ba. Wannan ba zai yiwu ba sai ka gaya wa uwargida gaskiya. Ina tabbatar maka tana can tana zargin ka gaji da ita ne, ko aure kake nema.

Ƙwayar sildenafil, wadda aka sani da Viagra, jini take taimaka wa, ba ta haifar da sha'awa, kuma haɗari ce ga mai shan wasu magungunan zuciya. Tramol ma da wasu ke sha don wannan, a ƙarshe kashe sha'awar yake yi. Ka lura: in kana tashi da asuba da miƙewa, alama ce jijiyoyin lafiya lau suke. In babu, ka je babban asibitin Zinder a auna sukari da hawan jini.

Wasiƙa ta biyu daga unguwar Birni, mai goyo ce. Ta ce tun haihuwa ba ta son maigida ya matso, tana tsoron samun ciki a kan goyo, ta yi kayan mata har ta gaji.

Hajiya, Allah ya raya. Sinadarin da ke kawo nono, firolaktin, shi da kansa yana rage sha'awa, yana kawo bushewa, ga rashin barci ga tsoron ciki. Ki je wurin ungozoma a asibitin unguwa ku yi maganar tazarar haihuwa, tsoron nan zai ragu. Kayan matsi kuwa ki bari, suna iya jawo ƙaiƙayi da ciwo. In kuma kina yawan kuka, abinci ba ya shiga, jinjirin ma ba ya faranta miki rai, kada ki jira, ki gaya wa likita a makon nan.

Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.